Guzurin Gwaggo a Ikko

Jikata ce ta tono mini wannan tsohon zance, ita kuwa ba ta ma san ta yi ba. Za ta Abuja neman aiki, aljihu ba nauyi, sai na ga ta zauna a tsakar gida tana ta latsa waya, wai tana neman ɗakin kwana mai araha. Na ce da ita, duk faɗin Abuja ba mu da wanda za ki sauka a wurinsa? Ta ce akwai wata ƙawarta, amma ba ta son ta takura mata. Na tashi na ƙulla mata dambun nama da ɗan ƙuli-ƙuli a leda, ta dube ni tana dariya ta ce, "Hajiya, wa yake tafiya da wannan yanzu? In na ji yunwa ai oda zan yi." Da gari ya waye ta rataya 'yar jakar da ko sallaya ba za ta ci ba, ta tare adaidaita sahu a bakin layi zuwa tashar Unguwa Uku. Ban ji haushi ba, mamaki dai na yi. Na daɗe zaune da ledar a cinyata, ina juya yadda mutum zai shiga babban birni ya fito bai ci tuwon kowa ba, kowa kuma bai ci nasa ba.

A zamaninmu babban birnin ƙasa Ikko ne, kuma Gyaɗi-Gyaɗin nan, da yau ƙarar ababen hawa ba ta barin mutum ya ji sallamar baƙo, gefen gari ce. Daga ƙofar gidanmu kana hango gonakin gero har wajen Tarauni, da rimaye, da kududdufin da yara ke jifan kwaɗi. Abin da ke tashe mu da safe daka ne, taɓaryar wannan gida na amsa wa ta wancan ta kan katanga, sai kukan jakunan masu kawo itace, sai muryar mai tallan koko. In iska ta juyo daidai har usur ɗin jirgin ƙasa mukan jiyo daga nesa. Duk ranar da na ji shi sai in tsaya da tankaɗe, rariya a hannu, ina tambayar kaina a ina ne wannan dogon ƙarfe yake ƙarewa, kuma mutanen can me suke ci.

A sashen waje na gidanmu akwai ɗakuna da Baba ya ba wani malamin makaranta haya, Malam Bitrus, mutumin Kudancin Kaduna, shi da matarsa Saraya. Kiristoci ne, ita kuma sa'ata ce, tun ranar da ta leƙo aron rariya muka ƙulle. Ita ta koya mini faten acca da yakuwa, ni na koya mata dambu. Ran Lahadi in za ta coci ni take bar wa tukunya a wuta, da azumi kuwa ko goro ba ta taunawa a gabanmu, ita ce ma mai taya mu surfe. Da aka yi mini aure aka kai ni Tarauni, ba ta fasa takowa ta cikin gonaki ba. Abu ɗaya ke damun ta, shekaru suna ta tafiya ba haihuwa. Ana nan mijinta ya samu aikin akawu a wani kamfani a Ikko, ya ajiye alli, suka tattara. Ranar da za su tafi ta riƙe hannuna ta ce dole wata rana in zo in ga ruwan da ba shi da ƙetare. Na ce to, irin to ɗin da ake cewa don a rabu lafiya.

Sai ga labari ta bakin wani ma'aikacin jirgin ƙasa da suke coci ɗaya: Saraya ta haihu, mace, an sa mata Godiya. Kafin labarin ya iso mu ma yarinyar ta yi wayo har ta fara dariya. Na yi kuka don murna. Na ce da maigidana, wanda kafinta ne, ina son zuwa barka. Ya shafa gemu, don ya san abin da ke aljihunsa, daga baya ya ce zai iya kuɗin jirgi zuwa da dawowa, sauran sai dai in san dabara, kuma ba zan tafi ni kaɗai ba. Nan Gwaggo ta shigo zancen. Yayar Baba ce, tun rasuwar mijinta take zaune a gidanmu tana sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Ta ce zumunta a ƙafa take, kuma ita ma kafin ta mutu tana son ta ga garin da aka ce har ruwan sha sayarwa ake yi.

Dole in faɗi wace ce Gwaggo, in ba haka ba abin da ya biyo baya ba zai zauna ba. Duk unguwa ba a san mai kara irinta ba. In ka kai mata abinci, ko gishiri ya yi masa yawa har yana ɗaci, za ta share kwanon ta sa maka albarka, ta kuma tambaye ka yadda ka yi miyar. Mu da ta yi rainonmu, laifin da ba ta yafe mana shi ne yaro ya je gidan mutane ya yatsine fuska a gaban kwano. Kullum zancenta baƙo raɓa ne, ya sauka a hankali ya tashi a hankali. Na taɓa shan murɗe kunne a hannunta don kawai na ce kunun maƙwabciyarmu ba zaƙi.

Shirin tafiya ya ci mu kwanaki. Kaya kashi biyu ta yi. Na farko kayan barka: atamfar da muka haɗa ƙarfi muka saya, sabulu, yajin jego, da hular ulu da na saƙa. Na biyu shi ne buhun, wanda ta ce namu ne, na hanya da na tsaron lalura. A ciki akwai garin dawa da na masara, surfaffen gero, kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, kanwa, tsamiya, kwalbar man gyaɗa da aka toshe da totuwa, ƙuli-ƙuli da dakuwa. Har yau in na ji ƙamshin gyaɗa tana soyuwa a kasko, kwanakin nan nake tunawa: ni ina tankaɗe, ita tana matsar tunkuza, maƙwabta suna shigowa da sallahu, wannan ta ce a taho mata da ruwan teku a kwalba saboda ciwon gwiwa, waccan ta ce a duba mata ko da gaske akwai gidan da ya fi rimi tsawo. Baba ya ɗaga buhun ya dire, ya tambayi yayarsa ko hijira za mu yi. Ta ce masa wanda bai taɓa jin yunwa a garin da ba a jin harshensa ba shi ke raina guzuri.

Taragon talakawa muka shiga, mai bencin katako. Gwaggo ta tura buhun ƙarƙashin benci ta ɗora ƙafa a kai, ba ta saukewa sai in za ta yi salla. Ni kuwa taga na kama. Yanzu mutum kan shiga mota ya sunkuyar da kai a waya, ya ɗago ya ga ya iso. Mu ƙasar ce ta riƙa sauya kaya a gabanmu sannu a hankali. Kuka da rimi suka ƙare, duwatsu suka zo suka wuce, ciyawa ta yi tsawo har tana shafar tarago, sai ga bishiyoyin kwakwar manja rututu. A kowace tasha harshen masu talla sai ya ɗan karkace, har muka kai inda ba na gane komai sai da nuni. A gadar Jabba na leƙa na ga ruwa shimfiɗe a ƙarƙashinmu, na taɓa Gwaggo na ce ga teku. Wani dattijo mai fataucin goro da ke gefenmu ya yi dariya har da tari, ya ce wannan Kwara ce, in na ga teku zan dawo in kira ta kwata.

Malam Bitrus ne ya tare mu a tasha, takalminsa na sheƙi, wandonsa ya sha guga har kari ya fito. Gidan da suke haya dogo ne, ɗakuna suna kallon juna, siririn lungu a tsakiya, madafa ɗaya da famfo ɗaya can baya na kowa da kowa. Ɗakinsu guda ne, labule ya raba shi. Ya bar mana shi, ya koma kwana wurin wani abokinsa. Saraya ta rungume ni muna kuka muna dariya, na ji ƙasusuwan bayanta a tafin hannuna, amma na ce a raina wahalar goyo ce. Gwaggo ta karɓi Godiya ta yi mata addu'a, muka miƙa kayan barka, aka yi ta sa albarka. Buhu kuwa aka tura shi ƙarƙashin gado, don ba a sauka gidan mutum a kwance guzuri. Yin haka tamkar ka ce masa ba ka yarda zai iya ciyar da kai ba. Aka kawo mana teba mai zafi da miyar ɗanyar kuɓewa da kifi, muka ci muka yi nak. Na ce Saraya ta sa hannu, ta ce ita ta ci tun ɗazu.

Yawonmu na Ikko yawon marasa kuɗi ne, kuma har yau ina ganin irinsa ya fi daɗi. Bas sau ɗaya muke shiga a yini, wata doguwa mai ruwan ɗorawa da ake cusa mutane har wasu na lilo a ƙofa, a ciki mai wa'azi na yi, mai maganin basir na yi. Sauran duk a ƙafa, Saraya a gaba da goyo. Kallo ba a biyan sa. Mun tsaya a kan gada mun ga jiragen ruwa da suka fi layinmu tsawo, na rasa yadda ƙarfe ke zama a kan ruwa alhali allura nutsewa take. Mun leƙa manyan kantuna ta gilashi, inda aka tsayar da gumaka sanye da riguna, Gwaggo ta gaida ɗaya kafin ta gane. Mun shiga wani dogon bene da Saraya ta san mai gadinsa, ɗan Arewa ne, ya saka mu a ɗan ɗakin nan mai hawa da mutane sama. Ni na tafi, cikina ya tsaya a ƙasa, Gwaggo ta riƙe ƙarfe tana salati, da muka sauko kuma ta ce a sake. Teku kuwa, ban san ta inda zan fara ba. Na tsaya ina jiran ruwan ya huta, ya ƙi. Na tambayi Saraya wa ke turo shi, ta ce ita ma tun zuwanta take tambaya. Gwaggo ta lasa ta ce ga ruwa ga gishiri, an dai rasa mai kaɗa kuka. Muka cika wa mutane kwalabensu.

Son sanin abu halina ne tun ina yarinya, kuma idon da ya kalli jiragen ruwa shi ne ya fara kallon kwanuka. Kullum Saraya ta ci tun ɗazu. Amma ni nake taya ta wanke-wanke, kuma kwano biyu nake tararwa, nawa da na Gwaggo. Tukunyar ma ƙarama ce, ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Na lura in mun rage sai ta rufe ta ajiye wa mijinta. Na lura Godiya takan kama mama ta saki ta tsala kuka, uwar ta juya ta ɗaya gefen, nan ma haka. Na lura rediyon da suka taho da ita daga Kano ba ta nan, sai 'yar shimfiɗar da ake ɗora ta a kai. Ranar da muka dawo daga bakin teku, muna hawa matakalar gadar ƙetare titi, Saraya ta tsaya ta dafa ƙarfe, idonta ya juya, sai da na tallafe goyon ta baya. Ta ce rana ce. Muna sauka kuma na hango Malam Bitrus a gindin wata bishiya kusa da ofisoshi, da tsakar rana, cikin wasu maza da ke zaune jugum, ya cire takalman nan masu sheƙi ya ajiye a gefe. Saraya ma ta gan shi. Ta ja mu ta wani lungu, ta ce ta nan ya fi kusa.

Ba sai an gaya mini ba. Aiki ya tafi, sun ɓoye, su biyun suna ɗaure ciki don su cika mana kwano, nonon uwa yana ƙafewa, mu kuma muna kwana a kan buhun abinci. Zuciyata ta karye. Da la'asar na samu Gwaggo ita kaɗai a bakin famfo tana alwala, na zayyana mata komai, murya ƙasa-ƙasa. Ba ta yi mamaki ba. Ta ce ita ma ta gani, labarin zuciya ai fuska ake tambaya. Na ce to me muke jira, bari in je in jawo buhun nan yanzu.

"Zauna," in ji ta. "Da ranar da muka sauka muka miƙa shi, sunansa tsaraba. Yau in kika fito da shi, sunansa gori."

Na ce to mu koma gida gobe mu sauke musu nauyi. Ta ce in muka tafi ba shiri za su san mun gani, kuma jaririya dai ba ta samu nono ba. Na ce bari in yi wa Saraya magana a asirce, ai ƙawata ce. Ta ce mutumin da ke goge takalmi ya fita kullum don kada baƙinsa su sani, ba abin da ya rage masa sai wannan rufin asirin, in muka yaye shi me muka bar masa? Na ce to Gwaggo, sai mu zuba ido yarinya ta rame saboda kunya? Ta gama wanke ƙafarta, ta ajiye buta, ta ce in je in kama bakina, kuma duk abin da na gani kada in tanka.

Washegari Lahadi ce, sun dawo daga coci, Malam Bitrus ma yana nan. Saraya ta kawo teba. Gwaggo ta gutsura, ta juya lomar a hannu, ta mayar cikin kwano, ta ture shi da bayan hannu har miya ta fantsama a tabarma. Tun da nake ban taɓa ganin ta yi haka ba. Ta ɗaga murya yadda na ɗakin da ke kallon namu za su ji.

"Ni fa na gaji da wannan abu. Tun da na zo cikina yake a kumbure. Wannan danƙo ne ko abinci? Ni tsohuwa ce, in ba tuwo da miyar kuka ba, kashe ni za ku yi a garin mutane."

Malam Bitrus ya sunkuyar da kai, na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Saraya ta durƙusa ta ce, "Mama, ki yi haƙuri, ban sani ba." Ni kuwa, duk da na san akwai abin da ake ƙullawa, ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Gwaggo ko duban Saraya ba ta yi ba. Ta ce in jawo mata buhunta, tunda a gidan nan ba mai tausayin tsoho, ita za ta yi wa kanta girki.

Daga ranar madafar gidan ta shiga uku. Gwaggo ta ce tuwo ba ya nuna a risho, ta kwance lalitarta, ɗan abin da ta tanada don tsarabar jikoki, ta aike ni sayen gawayi, kananzir ɗin Saraya ya huta. Ta ari babbar tukunya wurin wata Bayarabiya da ke ɗakin farko, da nuni da hannu aka yi maganar. Ta tuƙa tuwon da zai ishi masu aikin gayya. Da aka kwashe ta dubi malmala ta yi tsaki, ta ce hannunta ya saba da girkin gidan yawa, tsufa ya sa ta manta awo. Ta ci kaɗan ta tura wa Saraya sauran, ta ce almubazzaranci dai haramun ne a littafinmu, kuma ta tabbata a nasu ma haka ne, saboda haka a cinye, kada a ja mata zunubi. Da safe ta dama kunun kanwa ƙwarya guda, ta kurɓa ta yatsine fuska, ta ce kanwa ta yi yawa, mai shayarwa ce kaɗai ke jure irin wannan, ta tsaya a kan Saraya tana mita har sai ta ga gindin ƙwarya. Rabon Malam Bitrus a kwano mai murfi take ajiyewa, wai ya ɗanɗana ya tuna yadda ake abinci a garin da ya baro. Yakan karɓa, amma gaisuwarsa ta koma gajera. Matan gidan suka sa mata suna da Yarabanci. Ban san ma'anarsa ba, amma daga yadda suke taɓe baki in ta wuce na san ba yabo ba ne.

Ni kaɗai na san abin da wannan ya ci mata. Matar da ta yi shekara da shekaru ana misali da kararta, ga ta tana zubar da ita a gaban mutanen da ba su san ta ba. Na ji tausayinta ƙwarai. Wata rana na same ta a bayan ƙyauren madafa tana share ido da bakin mayafi, ta ce hayaƙi ne, alhali gawayin ya daɗe da ruruwa. Amma ba a jima ba kukan Godiya ya sauya. Ta riƙa kama mama ta daɗe, ana jin haɗiyarta ƙwat-ƙwat, ta saki don kanta nono na bin gefen bakinta, ta yi barci hannu a sake. Ranar da muka fara jin wannan haɗiyar Gwaggo tana tsintar gero a faifai, na ga hannunta ya tsaya. Ba ta ɗago ba, ta dai yi hamdala can ƙasan maƙoshi, sannan ta ɗaga murya ta ce da Saraya tsintsiyar gidan nan ma ba ta da kirki.

Nakan zauna in yi tunanin yadda 'ya'yan yanzu za su warware irin wannan. Ina jin waya za a latsa a tura wani abu, a ce ba yawa, shi ke nan. Ban ce laifi ba ne, yunwa dai ta tafi, kuma da sauri, ba gawayi ba aron tukunya. Sai dai wanda aka tura wa ya san an gan shi, kuma da wannan sanin zai kwana ya tashi. Mu ba mu da saurin, doguwar hanya muke da ita, mai wahala, wani lokaci ma har da wauta, don da mun yi hankali mun miƙa buhun tun ranar farko da duk wannan bai taso ba. Har yau ban yanke wanne ya fi ba.

Da lokacin komawa ya yi, ko rabin buhun ba a ci ba. Na ɗauka a nan za ta sassauta ta ce tsaraba ce, amma ta ƙi. Ta sa na ɗaga, ta ce bayanta ba zai iya jigilar wannan jaraba har Kano ba, garin ma ya fara jin danshi, wa zai ci? A bar shi nan, in sun ga dama su zuba wa kaji. Babu kaza ko ɗaya a gidan. Ta ɗebi ƙuli-ƙuli cikin tafi ta ƙulle a gefen zane, wai na hanya, ta bar musu sauran har da kwalbar mai.

A tasha Malam Bitrus ya saka mana kaya a tarago, ya yi wa Gwaggo sallama a taƙaice ya koma gefe. Saraya ta durƙusa har ƙasa da goyonta, ta tambaye ta yaya cikin. Gwaggo ta ce da sauƙi-sauƙi, in ta sha ruwan Kano zai warware, ta juya ta hau ba ta waiwayo ba. Na san don kada a ga idonta ne. Ni na tsaya a ƙasa. Saraya ta rungume ni ta sa bakinta a kunnena.

"Ƙawa, shekara nawa na yi a gidanku? Na san Mama. Tun ranar da ta ture kwanon nan na gane."

Na buɗe baki, ta matse hannuna.

"Kada ki gaya mata. Ta sha wahala a kan abin nan, ki bar mata kayanta. Shi ma Malam ban gaya masa ba. Gara ya yi fushi da ita da ya riƙa jin kunyarta."

Jirgi ya yi usur, na hau da ƙyar don ba na gani sosai. Da ƙuli-ƙuli da ruwa da ɗan rake muka zo Kano, cikinmu na ƙugi. A gida maƙwabta suka cika tsakar gida, aka raba kwalabe, aka tabbatar wa mai tambaya akwai gidan da ya fi rimi tsawo. Duk wanda ya tambayi labarin Saraya, Gwaggo sai ta ce tana cikin rufin asiri, kifi kullum, sun riƙe mu riƙon mutunci. Daga baya muka ji Malam Bitrus ya samu aikin koyarwa a Jos, sun koma can. In saƙonsu ya zo ta bakin wani matafiyi, Saraya takan ce a gaida Mama da kyau. Shi kuwa Malam Bitrus, Baba da mutanen gida yake gaisarwa, bai taɓa ambaton sunan Gwaggo ba. Gwaggo kuwa ta lura da hakan.

Shekaru suka wuce, gonakin da ke tsakaninmu da Tarauni suka zama gidaje, Gwaggo ta kwanta ciwon ajali. Wata rana da hantsi na zo duba ta, ina ba ta kunu a ludayi, sai na ga tana murmushi ita kaɗai. Ta riƙe hannuna ta tsayar da ludayin.

"Yarinyar nan ta Ikko," in ji ta. "Ba ta gane ba ko?"

Na dubi fuskarta, duk ta zube sai ido. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Na ce, "Ba ta gane ba, Gwaggo. Har yau cewa take kin cika fitina."

Ta lumshe ido, ta saki hannuna.

"Madalla," in ji ta. "Duk shekarun nan ina tsoron ko ban iya ba."